Yadda ake zaɓen irin zoɓo mai yawan sinadarin magani

Buhu biyu na busasshen zoɓo na iya zama nauyi ɗaya, a saye su a kasuwa ɗaya, amma idan aka ɗebi cikin tafin hannu daga kowanne aka jiƙa, sai a ga wannan ya rine ruwa ya yi jajir har ya doshi baƙi, wancan kuwa ya tsaya a ja mai haske. Matan da ke haɗa zoɓon sayarwa sun san wannan sarai, domin wani zoɓon yana ɗaukar ruwa ninkin abin da wani yake ɗauka. Jan launin nan daga wani sinadari yake da ake kira antosayanin, kuma yana cikin abubuwan da masu bincike ke dangantawa da amfanin zoɓo ga masu hawan jini, tare da sinadaran tsamin da ke cikinsa. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, mutum 65 masu ɗan hawan jini aka raba gida biyu. Waɗanda suka riƙa shan kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7, ta ɗaya rukunin kuwa, waɗanda ba zoɓo aka ba su ba, da kimanin maki 1 kawai.

Bambancin da ake gani tsakanin buhu da buhu yana da tushe biyu. Wani daga ƙasa da taki da lokacin tsinka da yadda aka shanya yake zuwa, kuma wannan ba ya bin iri zuwa baɗi. Wani kuma a cikin jinin shukar yake, 'ya'yanta su gaje shi. Duk aikin inganta iri ya ta'allaƙa ne a kan raba waɗannan biyun, kuma ba a raba su da ido kaɗai, sai da awo da rubutu da maimaita gwaji. Haka aka yi da itacen sinkona da ake samun kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawonsa: irin da wani ɗan kasuwar Ingila mai suna Charles Ledger ya samo daga Bolibiya, gwamnatin Holan ta saya a 1865 ta shuka a tsibirin Jaba da ke ƙasar Indunusiya ta yau, aka riƙa auna kwinin ɗin da ke ɓawon itatuwan ana yaɗa mafi ƙarfi, har Jaba ta zama ita ke ba duniya mafi yawan kwinin ɗin da take sha. Zoɓo ya fi sinkona sauƙi nesa ba kusa ba. A shekara guda yake kammala rayuwarsa, sinadarin da ake nema yana da launi, sannan furensa kansa yake yi wa barbara, sau da yawa tun kafin ya gama buɗewa, saboda haka 'ya'yan gindi ɗaya kan fito kusan kamar uwarsu.

Tattara iri da shukar farko

Zaɓe ba ya yiwuwa sai da bambanci, don haka matakin farko shi ne a tara gurguzu daga wurare masu nisa da juna. A nemi na manoman Jigawa da Katsina da Yobe da Borno, da na ƙetaren iyaka a yankunan Maraɗi da Damagaram, idan kuma an sami hanyar samun na Kurdufan a Sudan, wanda ya yi suna da duhun launi, ko nau'in Vimto na Senegal da aka san shi da rine ruwa, to an ƙara faɗin abin zaɓa. A karɓi irin daga hannun wanda ya noma shi, domin gurguzun kasuwa na masu daddawar batso a gauraye yake kuma babu mai sanin shekarunsa. Kowane ƙulli a zuba shi a ambulan dabam, a rubuta masa lamba da garin da ya fito, a kuma buɗe littafi guda wanda ba za a yi wani aiki da shi ba sai wannan. Farin zoɓo, wanda ɓawonsa kore ne ko fari, kusan ba shi da antosayanin, sai a ajiye shi don miya.

Wurin gwaji ya zama fili mai ƙasa iri ɗaya gwargwadon hali, ba inda ruwa ke kwanciya ba, domin yakuwa ba ta jure jiƙon saiwa, kuma ba inda aka noma zoɓo bara ba, saboda gyauro zai tsiro ya shiga cikin layuka ya ɓata lissafi. A guji gindin gawo da tsohuwar makwantar shanu da wurin da aka taɓa tara juji, domin shukar da ta faɗa irin waɗannan wurare za ta yi kyau ba don jininta ba. A shuka rana ɗaya idan damina ta zauna, a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, a kan kunyoyi masu tazarar mita ɗaya, tsakanin rami da rami kuma santimita 60. Bayan mako uku a rage tsiron ya zama gindi ɗaya tak a kowane rami. Manomi zai ga wannan kamar asara ce, amma idan gindi biyu suka sarƙe da juna ba za a san na wa aka tsinka ba. Gindi 300 zuwa 500 sun isa mutum ɗaya da iyalinsa. Taki a raba shi daidai wa daida kuma kada a cika yuriya, domin yawanta yana sa shuka ta tafi ga ganye ta kuma rage launi. Noman firi da maimai a yi su ga dukan filin a lokaci guda.

Zoɓo ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Kafin lokacin, a zaga filin ana cire duk gindin da ya nuna ruɓewar tushe ko yaushi daga cikin takara, ko da kuwa ya fi kowa ja. Daga sauran a ɗaura wa gindi 50 zuwa 60 mafi lafiya da rassa da duhun kara ƙyalle mai lamba. A bar layukan bakin gona, domin sun fi na ciki samun rana da iska.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa. Launin ɓawon zoɓo yana canzawa da kwanakinsa, don haka idan aka tsinki ɗanye daga wannan gindi aka tsinki wanda ya ƙosa daga wancan, kwanaki aka gwada, ba iri ba. Maganin abin shi ne zare. Furen zoɓo yini ɗaya yake yi, ya buɗe da safe ya yanƙwane kafin yamma. A zaɓi kwana biyu ko uku a tsakiyar lokacin fure, a bi gindayen da aka yi wa lamba ana ɗaura jan zare a wuyan duk furen da ya buɗe a ranakun, sannan bayan kwana 20 a tsinke masu zaren kaɗai, kamar guda 10 zuwa 15 daga kowane gindi. Sauran a bar su a jiki har kwanson iri ya bushe ya fara tsagewa, sai a tsinke, a ɓare, a auna nauyin dukan zoɓon gindin, a kuma adana gurguzunsa shi kaɗai a ambulan mai lambarsa.

Shanya da awo

Antosayanin yana lalacewa da zafi da hasken rana da daɗewar ajiya. Samfuran gwaji a ɓare su a ranar da aka tsinka, a shimfiɗa kowanne a kan takardarsa mai lamba a cikin inuwa mai iska, nesa da ƙasa, har ya bushe ƙayau yana karyewa a hannu. Iskar hunturu tana taimakawa ƙwarai. Kusan kilo 10 na ɗanyen ɓawo ne ke ba da kilo ɗaya na busasshe, saboda haka samfurin zai ƙanƙance, amma giram kaɗan ake buƙata. Kada a ƙulle shi a leda da sauran danshi, kuma a yi gwajin duka samfuran cikin mako guda.

Kayan awon gida ba su da tsada: ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal wanda ke nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, babban sirinji sabo mai alamar mililita, kofunan gilashi marasa launi masu girma ɗaya, ƙyallen tata, da farar takarda. Sai ruwa, wanda shi ne ya fi buƙatar kula. Launin antosayanin yana bin tsamin ruwan da yake ciki: a ruwa mai tsami yana yin ja sosai, idan tsamin ya ragu sai ya dusashe, idan kuwa kanwa ta taɓa shi sai ya koma shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu. Nau'in zoɓo kuma sun bambanta da juna a tsami, don haka mai tsami zai iya nuna ja fiye da abin da yake ɗauke da shi. Domin a daidaita su, a cika jarka guda da ruwa mai tsabta, a matse lemon tsami a ciki har ruwan ya yi tsami sosai a baki, a tace, kuma da wannan ruwan kaɗai za a yi jiƙo da sirki daga farkon gwaji har ƙarshensa.

A daka kowane samfur ya yi laushi, ana goge turmin tsakanin ɗaya da ɗaya. A auna giram 2 a zuba a mililita 200 na ruwan jarka, ba tare da an ɗora a wuta ba, a rufe a ajiye a wuri mai duhu awa biyu ana motsawa lokaci-lokaci, sannan a tace. Tare da su a jiƙa zoɓon da aka saba nomawa a garin, wanda zai zama ma'auni a dukan shekarun aikin. Daga jiƙon ma'aunin a ɗebi mililita 10 a ƙara masa mililita 90 na ruwan jarka, a ajiye kofin a kan farar takarda. Yanzu a ɗebi mililita 10 na samfurin da ake gwadawa, a riƙa ƙara masa ruwa mililita 10 bayan mililita 10, ana zuba shi a kofi zuwa tsayi ɗaya da na ma'aunin ana dubawa, har launinsu ya zo ɗaya. Yawan ruwan da ya sha kafin ya daidaita shi ne makinsa. Wanda ya sha mililita 90 daidai yake da na gari, wanda ya sha 140 ya fi shi da kusan rabi. A yi wannan a inuwa da rana tsaka, ba a hasken fitila ba, kuma ya fi kyau wani ya sauya lambobin kofunan ta yadda mai dubawa bai san na wane gindi yake kallo ba, domin duk wanda ya yi wata huɗu yana kula da gona yana da gindin da zuciyarsa ta riga ta zaɓa.

Wannan awo na tacewa ne, yana raba na sama da na ƙasa. Awo na haƙiƙa a ɗakin gwaje-gwaje ake yinsa, inda ake sa jiƙon a ruwa biyu masu ma'aunin tsami 1.0 da 4.5, a auna hasken da kowanne ya tsare da na'ura, a fitar da miligiram nawa ne na antosayanin a kowane giram. Sassan kimiyyar sinadarai da na harhaɗa magunguna a jami'o'i kamar Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna da irin wannan na'ura, haka ma cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja. Shawarata ita ce kada a kashe kuɗi a kan wannan a shekarar farko. A bari sai layuka sun ragu zuwa goma ko ƙasa da haka.

Daga gindi 50 ko 60, a riƙe 20 da suka haɗa maki mai yawa da nauyi mai kyau. Dole a riƙa duba biyun tare. Gindin da ya fi na gari launi da kashi 20 cikin 100 amma ya ba da rabin nauyinsa, sinadarin da zai fitar a kadada bai kai na garin ba, kuma babu manomin da zai karɓe shi. A ninka maki da nauyin busasshen zoɓon gindin, a jera su bisa abin da ya fito.

Shekara ta biyu da ta uku

Abin da aka gani a jikin gindi ɗaya zato ne, 'ya'yansa ne za su tabbatar ko su ƙaryata. A damina ta biyu a shuka kowace uwa a layinta, gindi 20 a layi, a riƙa saka layin zoɓon gari bayan kowane layi biyar. A shuka rabin gurguzun kawai, rabin a ɓoye shi a kwalba mai murfi a wuri mai sanyi, saboda fari ko ambaliya ko dabbobi na iya cinye aikin shekara biyu a dare ɗaya. Idan layi ya fito bai ɗaya a tsayi da siffar ganye da launi, uwarsa tsantsa ce. Idan ya fito a rarrabe, sai a sake zaɓen gindi mafi kyau a cikinsa a maimaita masa wannan mataki baɗi. Za a tarar wasu daga cikin waɗanda suka yi fice bara sun dawo daidai da na gari. Wannan shi ne amfanin gwajin, domin ya nuna wurin da suka tsiro ne ya ɗaga su. A maimaita ɗaurin zare da shanya da awo kamar yadda aka yi, amma yanzu a haɗa samfur daga gindi 10 na tsakiyar kowane layi. A riƙe layi biyar ko shida.

A damina ta uku kowane layi ya sami fegi uku a wurare dabam-dabam na filin, kowane fegi kunya huɗu masu tsawon mita biyar, a raba wuraren ta hanyar ƙuri'a, zoɓon gari ma a ba shi fegi uku. Kunya biyu na tsakiya kaɗai ake aunawa. Idan da hali a yi gwajin a gona biyu, ɗaya jigawa mai yashi ɗaya mai ɗan laka, ko a ƙauyuka biyu masu bambancin ruwan sama. Layin da ya fi na gari a dukan fegi da dukan gonaki shi ne abin nema, ko da wani ya zarce shi a wuri ɗaya ya faɗi a wani. Samfuran wannan shekara su ne za a kai ɗakin gwaje-gwaje. A kuma ba masu haɗa zoɓo su jiƙa su ɗanɗana, a tambayi masu ɓara ko ɓawon yana fita da sauƙi ko yana da ƙaiƙayi, domin mata da yara ne ke yin wannan aiki, kuma irin da ya wahalar da su ba zai yaɗu ba.

Idan ana son haɗa halaye biyu

Wani lokaci layi mafi duhu ba shi ne mafi yabanya ba, sai a so a haɗa su. Da la'asar a nemi ƙullin furen da zai buɗe gobe a jikin uwar, a tsaga shi a hankali, a tsince dukan kawunan da ke ɗauke da garin fure da ɗan hantsaki ba tare da an taɓa tsinken tsakiya ba, a rufe shi da ƙaramar ambulan. Da sassafe a tsinko buɗaɗɗen furen uban a goga garinsa a kan tsinken, a mayar da ambulan, a ɗaura zare mai lamba. Da yawa za su zube, don haka a yi wa fure 30 ko fiye. 'Ya'yan farko za su fito kama ɗaya, a zuriya ta biyu ne halaye ke wargajewa, kuma a nan ake shuka ɗaruruwa a zaɓa. Sai an bi zuriya biyar ko shida ana zaɓen gindi ɗaya-ɗaya kafin layin ya zauna. Ana iya rage shekarun da noman rani, domin zoɓon da aka shuka a gajerun kwanakin hunturu yana fure tun yana ƙarami ya ba da iri da wuri, amma ba a yanke hukuncin launi ko nauyi a kan shukar rani.

Wannan tsari ya dace da tsirran da ke yi wa kansu barbara. Ga waɗanda iska ko ƙwari ke kai musu garin fure daga wani gindi, 'ya'ya ba sa maimaita uwa, sai an canza dabara. Misali shi ne Artemisia annua, ganyen da Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro na atemisinin daga cikinsa a 1972. Masu inganta shi a cibiyar Mediplant ta Suwizalan da Jami'ar York ta Ingila suna auna ganyen gindi ɗaya-ɗaya, su riƙe mafi ƙarfi ta hanyar dasa reshe don kada halinsa ya ɓace, sannan su haɗa iyaye biyu zaɓaɓɓu a keɓe su sami irin da za a raba wa manoma.

Riƙe irin bayan an same shi

Layin da ya yi nasara a yaɗa shi a fili na musamman, nesa da sauran zoɓo gwargwadon yadda wuri ya ba da dama, domin ƙudan zuma kan kai ɗan garin fure ko da ba shi da yawa. Kafin fure da bayansa a zaga a tuge duk gindin da ya saɓa da sauran. Gaurayar da ta fi yawa ba a gona take faruwa ba, a wurin sussuka da buhu take, saboda haka a share daɓe, a yi amfani da sabon buhu, a rubuta suna da shekara ciki da waje. Kowace shekara a ware gindi 30 mafi dacewa da siffar layin a ɗebi irin tushe daga gare su, a kuma maimaita gwajin kofi a gefen zoɓon gari don a ga ko ƙarfin yana nan. Wanda yake son a yi wa irinsa rajista ya sayar da sunansa a Nijeriya, sai ya bi ta wata cibiyar binciken aikin gona kamar ta Samaru, domin kwamitin ƙasa mai sakin sababbin iri, wanda ofishinsa ke cibiyar adana irin tsirrai ta ƙasa, NACGRAB, a Ibadan, yana neman sakamakon gwaji daga wurare da dama. A Nijar, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, ce ƙofar shiga.

Zoɓon da aka ƙara wa ƙarfi yana buƙatar a faɗa wa mai saye gaskiyar ƙarfinsa, domin cokalin da ya saba ɗiba yanzu ya fi na da nauyi a jiki. Mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, da mace mai juna biyu, su tuntuɓi likita kafin su mayar da shi abin sha na kullum, kuma kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda shi. Wanda kuma zai ƙulla shi a kwali ya rubuta cewa magani ne, a Nijeriya doka ta wajabta masa rajista da hukumar NAFDAC kafin ya kai shi kasuwa.